Zabirar Baffa Tana Kwana a Ƙetare

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi, muka kai shi makwancinsa kafin azahar. Yau kwana tara ke nan ban sa makulli a mota ba.

Kwana ukun da muka yi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, na ga jama'ar da ban san Baffa yana da su ba. Tabarmin unguwa suka ƙare, sai da aka aro na masallacin tasha. Direbobin manyan motoci suka jera motocinsu tun daga shingen kwastan, suka tako a ƙasa. 'Yan dako, mutanen Maraɗi, suka zo a ayari suka tsuguna can gefe a kan turɓaya, sai da na rantse musu kafin suka hau tabarma. Wani tsoho daga Bugaje ya iso a kan jaki, ya yi gaisuwa, ya cire hula ya shafa kansa ya ce, "To, wanga kai kuma wa za a ba?" Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa sai ya fashe da kuka, muka rasa yadda za mu yi da shi. Har wani ma'aikacin duwan, wato kwastan na Nijar, ya tsallako daga Ɗan Isa da kakinsa, ya durƙusa ya yi addu'a.

Bakinsu ɗaya a kan abu guda. "Allah ya ji ƙan mai zumunci." "Ai shi zumunci a jininsa yake." "Shekara bakwai yana tsallaka iyaka duk Alhamis wurin ɗan'uwansa, ko a jikinsa. Sabo ne, haka Allah ya yi shi." Ina amsawa da amin, amma raina yana ɓaci, don na san ba haka ba ne. Da na shiga cikin gida wurin Inna, matarsa, ashe ita ma mata sun cika mata kunne da irin wannan yabon. Ta jawo ni gefe ta ce, "Ka ji su? Wai ko a jikinsa. Da Malam yana nan da ya wanke su tas." Tana cikin takaba, amma sai da ta murmusa.

Shi ya sa na ɗauki biro. Ni direba ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma ba zan zuba ido a riƙa yabon Baffa da abin da ba nasa ba, alhali nasa na gaskiya ya fi wannan nauyi.

Baffa ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya rene ni tun ina ɗan shekara bakwai. Wanzami ne. Rumfarsa tana gindin darbejiya a bakin tashar Jibiya, inda in ka zauna kana hango sandar kwastan tana ɗagawa tana sauka. Da kuɗin mai suka buɗe a ƙasar nan, garin ya koma wani iri. Siminti da fulawa da atamfa da kalanzir suna ƙetarawa, shanu da wake suna shigowa. Wanda jiya yake dako yau ya sayi keke, mai keke ya sayi babur, mai babur yana zancen Makka. Kowa sauri yake. Baffa kuwa yana nan zaune a kan buzunsa da kan wani a hannu.

Hannunsa ya san aikinsa, ba sai ya gaya masa ba. Kafin ya taɓa kai sai ya ja aska a fatar da ke ɗaure a gwiwarsa, sau uku ta nan, sau uku ta can. Ya jiƙa kan da ruwa tafi uku. In ya gama ya hura bayan kunne, fuu, ya ɗan ture ƙeyar mutum ya ce, "Tashi, ka zama ango." Ko tsoho ne mai shekara tamanin, sai ya zama ango. Wata rana muna shan fura yana ba ni labari, na ga ya ɗauki ludayi yana ja a gwiwa, sau uku ta nan, sau uku ta can. Na ce, "Baffa, ludayi kake wasawa." Ya duba ya ce, "Kai! Hannun nan ba ya shawara da ni."

Shekarun fari, da mutanen arewacin Maraɗi suka yi ta kwararowa neman dako, sukan iso da kai buzu-buzu, masu kaya su riƙa kauce musu. Baffa yakan yafito su bayan la'asar, ya aske su, ya gyara musu fuska, ba ya karɓar komai. Sai ya ce, "Masu kayan nan fuska suke fara dubawa. Je ka gwada yanzu." Su ne waɗanda suka ƙi hawa tabarma ranar gaisuwa.

Amma fa Baffa, Allah ya gafarta masa, ban taɓa ganin mai jan ƙafa irinsa ba. Duk abin da ba aski ba ne, sai gobe. Katangar zaurenmu ta faɗi da damina, ya ce bari ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, ya ce bari a gama girbi magina su samu sarari. Damina uku akuyar maƙwabta tana shigowa ta wurin tana cinye wa Inna shanya. Haƙori ya yi masa ciwo wata biyar, kullum gobe zai je Katsina a cire, sai da kumatunsa ya kumbura ido ya rufe muka ɗauke shi cak muka sa a mota. Inna takan ce, "Malam, kai ko ƙaho aka busa cewa za ka yi a bari ka ƙarasa kan da ke hannunka." Ba ya musu. Sai ya ce, "Mu gidanmu haka muke. Ubanmu ma haka yake."

Ban san zurfin wannan maganar ba sai daga baya.

Mahaifina ya bar gida ina ɗan shekara bakwai. Ya ce zai tsallaka Nijar cin rani, ya dawo kafin shuka. Mahaifiyata tana kwance ba lafiya a lokacin. Aka yi shuka bai dawo ba. Ta rasu da kaka, Baffa ya tsaya a kan komai, ya aika masa da saƙo har sau uku. Bai zo ba, bai aiko da ko gaisuwa ba. Daga baya muka ji ya yi aure a wani ƙauye gaba da Ɗan Isa, ya yi zamansa. Da wannan na girma a ƙirjina, kuma ban ɓoye wa kowa ba. In aka tambaye ni ubana sai in nuna rumfar gindin darbejiya.

Na fara jan a-kori-kurar wani Alhaji tsakanin Jibiya da Maraɗi ke nan, sai labari ya zo cewa ɓarin jikin mahaifina ya shanye, yana kwance. Baffa ya ji, ya yi salati, ya ce gobe zai je. Goben nan ta yi wata huɗu.

Wata Laraba da la'asar na ga ya tattara askake da ƙahonni ya zuba a zabira, jakar fatar nan da wanzami ke ajiye kayan aikinsa, ya ɗaure. Akwai wani direban tifa ɗan ƙauyen su mahaifina, wanda kullum yake komawa gida kwana. Baffa ya miƙa masa zabirar ya ce, "Kai wa matar yayana ta ajiye mani."

Na ce, "Baffa, da mi za ka yi aski gobe?"

Ya ce, "Ai shi ya sa."

Gari ya waye ba shi da aska ko ɗaya a Jibiya, ga masu aski suna leƙo rumfa. Babu yadda zai yi sai ya je ya ɗauko. Ya je, ya aske yayansa, ya yanke masa farce, ya dawo da zabirarsa kafin azahar. Laraba ta zagayo, ya sake miƙa wa mai tifa. Haka aka yi ta yi, har jandarmomin hanya suka san shi, suna ganinsa sai su ɗaga masa hannu.

Ni kuwa ina wuce mararrabar ƙauyen sau huɗu a mako, wani lokaci fiye. Akwai wata tsamiya a wurin, in na hango ta sai in ƙara taka mai. Kada ku ce na taɓa cewa ba zan je ba. A'a, ni ma ɗan gidan ne. "Zan je, Baffa, bari lodi ya yi sauƙi." "Zan je bayan sallah." "Zan je in zuciyata ta kwanta." Shekara biyar ina wannan. Baffa ba ya matsa mani. In ya dawo dai yakan ce, "Yana nan da rai," ya rataye zabira ya wuce.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi, kuma a kan wannan ne. Wata Laraba na same shi yana ɗaure zabira, fuska a murtuke. Ya ce, "Jikin ubanka yana ƙara sauka. Ba na jin zai daɗe."

Na ce, "Baffa, kai ka saba. Kai zuwan nan ya zama maka kamar alwala. Mu ma da aka mai da tuƙi hannun dama, wata nawa muka yi muka saba? Ni in na tuna ƙofar gidan sai in ji ba zan iya ba. Ka bari in ji ina so tukuna."

Wallahi sai Baffa ya yi jifa da zabirar a ƙasa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba, mutumin da ko tsallake ta ba ya bari a yi.

"Na saba? Wa ya ce maka na saba?" in ji shi. "Hannun daman da kake faɗi, hannunka ne ya koya, yanzu ko gyangyaɗi kake can zai kai ka. Wasa aska haka ne, alwala haka ce. Waɗannan in ka yi ta yi sai su riƙe kansu, su sake ka ka huta. Wanga kuwa ba ya riƙe kansa! Duk Laraba sai na yi kokawa da raina. Duk Alhamis in na sauka gindin tsamiyar nan sai ƙafata ta ce mu koma. Mutumin da na aika wa sau uku bai zo ba! Ina aske shi yana zagina da rabin baki, wai hannuna nauyi gare shi. Shekara biyar, ban taɓa tashi na ji ina so ba, ko sau ɗaya. Da jira nake in so, da yanzu gashi ya rufe masa ido."

Na ce, "To don mi kake zuwa?"

Ya sunkuya ya ɗauki zabirar, ya kakkaɓe ta. Ya ce, "Don yayana ne, kuma za a tambaye ni. Na san halina, shi ya sa ba na barin shawara ta kai Alhamis. Tun Laraba nake yanke ta, lokacin abin yana nesa, miƙa jaka kuwa ba wuya. In gari ya waye an riga an gama magana, saura tafiya."

Na yi fushi. Mako guda ban ci tuwon gidan ba, a tasha nake ci. Na ji maganarsa sarai, na san gaskiya ya faɗa, amma duk da haka ban je ba.

Da damina ta yi nisa kurkunu ya fito wa Baffa a idon sawu. Ƙafa ta kumbura suntum, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, ko bayan gida sai an riƙe shi. Aka shimfiɗa masa buzu a zaure, masu aski suna biyo shi gida, tunda hannu lafiya lau. Ranar Alhamis da safe na fito zan tafi tasha, na tarar da mutum huɗu a zaure suna jira, Baffa yana zaune hannu rabbana.

Ya ce, "Askata tana ƙetare. Je ka ɗauko mani."

Na ce, "Haba Baffa! Ka san ba ka iya takawa, don mi ka ba mai tifa jiya?"

"Laraba ce," in ji shi.

"Ka san ba za ka iya zuwa ba!"

"Na sani."

Mutum huɗun nan suka zuba mani ido. Ɗaya daga ciki limamin unguwarmu ne. Da wane baki zan ce ba zan ɗauko wa wanda ya rene ni abin neman abincinsa ba? Na hau babur ina huci, na ce a raina a ƙofar gida zan tsaya, a miƙo mani in juya.

Matar mahaifina ta leƙo, wata siririyar mace da wahala ta tsofar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ɗan nashi. Kamar ta yi yawa." Na ce zabira na zo ɗauka. Ta ce, "Tana ƙarƙashin kanshi. Da ita yake matashi duk Laraba, ba ya bari a taɓa sai an yi mashi aski. Shiga ka gwada."

Na shiga. Mutumin da nake tunawa dogo ne, mai ɗaga ni sama da hannu ɗaya. Wanda na tarar a kan tabarma ɗan tsurut ne, baki a karkace, hannun dama a naɗe a ƙirji. Ya dube ni, na ga ya gane ni, sai ya juya fuska bango. Na kai hannu zan zare zabira, ya damƙe igiyarta da hannunsa mai lafiya. Na ja, ya ƙi saki. Ƙarfin da ya rage masa duka yana cikin 'yan yatsun nan.

A gidan wanzami na tashi, na iya riƙe aska ko da ban ƙware ba. Na nemi ruwa, na tallafe kansa na aske shi. Sau biyu na yanke shi a bayan kunne, bai saki igiyar ba. Da na gama ya saki igiyar, na ɗauka na fito.

Na ajiye wa Baffa zabira a gabansa na ce, "Na je. Shi ke nan ko?"

Ya ce, "Zuwa ɗaya kowa ma yana yi. Alhamis mai zuwa fa?"

Na ce yanzu da na ga hanya, zan riƙa leƙawa in na samu sarari. Baffa ya yi dariya har ta taɓa masa ciwon, ya riƙe ƙafa yana wash. "Sarari! A Jibiya, a wanga zamani? Kai dai nemi taka zabirar."

Na kwana biyu ina juya maganar. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, tasha ta cika maƙil, na je wurin ɗan kamasho, wanda ke raba mana layin lodi. A gaban direbobi na ce masa, "Daga yau ranar Alhamis kada ka sa ni a layi. Ko na zo na roƙe ka, ko rantsuwa na yi maka, kada ka sa ni." Aka yi mani caa. Wani ya ce aljanu sun taɓa ni, wa ke barin lodi a wannan marrar? Alhaji mai motar ya yi ta mita, da ya ji dalili ya ƙyale ni. Kuma kun san abin kunya? Mako na uku sai ga ni gaban ɗan kamasho da sassafe ina lallaɓa shi, wai yau kaɗai. Ya ce, "Kai ka ce," ya ci gaba da shan kokonsa. Na zage shi, na hau babur na tafi ƙauye.

Shekara biyu na yi ina zuwa. Da Baffa ya warke sai in goya shi a baya, zabira ta riga mu tun jiya. Wasu abubuwan sun zama mani jiki, gaskiya ne. Hannuna ya koyi yadda ake ɗaga tsohon ba a taɓa kafaɗar da ke ciwo ba, babur ɗin ma ya san ramukan hanya. Amma tashi a tafi, wannan bai taɓa yin sauƙi ba. Duk Laraba da yamma sai zuciyata ta kawo mani dalilai masu kyau: taya ta yi sanyi, an ce jandarmomi sun tsananta, ai makon jiya ma ko kallona bai yi ba. In za mu tafi ni da Baffa ba mai magana, kowa ya sha kunu. In muna dawowa kuwa sai ya sa in tsaya a Ɗan Isa ya sayi ƙosai, mu yi ta hira kamar waɗanda aka sallamo daga asibiti. A shekara biyun nan abin da ya haɗa ni da mahaifina bai wuce "ruwa" da "juya ni" ba.

Sai wani mako aka yi haihuwa a Magama, gidan da tun kakanni mu ne wanzamansu, suna kuma ya faɗo ranar Alhamis. Askin jariri ba a ɗaga shi. A karo na farko cikin shekara bakwai, Laraba ta wuce zabira tana Jibiya. Baffa ya naɗe mani aska ɗaya a tsumma ya ce, "Ka je kai kaɗai, ni Juma'a zan bi."

A yammacin nan Alhaji ya aiko, wai akwai kaya a sitonsa da za a kai Kano gobe, ba ruwan ɗan kamasho da wannan. Ga ruwa an yi, hanyar ƙauye ta yi taɓo. Ga Baffa ba ya zuwa. Ban taɓa samun uzuri masu kyau irin na ranar ba, har na ji daɗi yana ratsa ni. Da na ji daɗin nan sai na tsorata. Na je na damƙa wa wani abokin tuƙina makullin motar tun kafin magariba, na ce ya yi tafiyar, ni zan yi ta jibi. Ya ɗauki mota ya tafi da ita gidansa.

Da safe na tura babur cikin taɓo fiye da yadda na hau shi. Na iske tsohon ya ƙara ramewa. Na jiƙa masa kai, na fara aski, sai na ji ya ce wani abu. Ban gane ba, na sunkuya. Ya maimaita.

"Ina... aka sa ta?"

"Wa?"

"Uwarka."

Aska ta tsaya a hannuna. Na ce, "Maƙabartar yamma da gari, kusa da wata aduwa."

Ya daɗe yana haɗa kalmomi, yawu yana zuba ina share masa. "Na so zuwa. Na ce... bayan girbi. Da saƙo ya zo, kunya ta kama ni. Na ce gobe. Kullum gobe. Kunyar tana ƙaruwa." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannuna. "Allah ya ji ƙanta. Ya haƙuri?"

Shekara ashirin, sai ranar aka yi mani gaisuwar mahaifiyata daga bakin da nake jira. Na amsa kamar yadda kowa ke amsawa, na ce mun gode Allah, sai kuka ya ƙwace mani kamar ranar ta rasu. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, kuma da na faɗa na ji gaskiya ne. Da zan tashi ya sake riƙe ni. "Ka ce wa ƙanena... hannunshi ba nauyi. Ƙarya nake. Kunya ce. Shi ma ya yafe mani."

A nan na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na ce a raina maganar nan ta fi ƙarfin ɗan aike, bari Baffa ya ji ta daga bakin mai ita gobe. Da ya dawo daga suna a gajiye, abin da na ce masa kawai shi ne, "Baffa, ka je gobe, yana son ganinka." Ya ce in sha Allahu. Da asuba na yi Kano da kaya.

Juma'a Baffa ya ce bari a sauko daga masallaci, aka sauko rana ta yi. Asabar kawunan da suka taru tun Alhamis suka tsare shi. Lahadi kasuwa. Litinin da safe mai tifa ya tsaya a bakin rumfa, ya sauko, ya cire hula.

Na dawo daga Kano na tarar ana shirin tafiya jana'izar mahaifina. Muka je, aka rufe shi, Baffa bai zubar da hawaye ba, ya tsaya kawai yana kallon ƙasa. A hanyar dawowa, bayan mun wuce shingen duwan, na tsayar da babur a bakin titi na ce ya sauka, akwai saƙo a wurina. Na faɗa masa duka, yadda aka faɗa mani, na kuma ce ya yafe mani da na riƙe.

Baffa ya zauna daɓas a ƙasa, da babbar rigarsa. Ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Ya ce, "Ya ce ba nauyi?" Na ce haka ya ce. Ya buɗe hannunsa na dama yana kallo, sai ya rufe fuska da shi ya yi kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Manyan motoci suna wucewa, yaran mota suna leƙenmu, bai damu ba. Na zaci zai yi mani faɗa, ko ya yi wa kansa. Da ya natsa ya share fuska da hannun riga ya ce, "Na yafe mashi. Alhamdu lillahi da kai ne ka je. Ni ko ban ji ba zan iya ɗauka. Kai nake ji wa tsoro tun farko."

Shekara uku ya ƙara a duniya bayan wannan, bai taɓa tayar mani da zancen ba.

Baffa, kai ka yi wahalar shekara bakwai, ni aka damƙa wa abin a hannu, kai saƙo kawai ya iso maka a bakin titi, kuma ka ce alhamdu lillahi. Ban gode maka da baki ba kana raye, kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace. Na gode, Baffa. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da yayanka a inda zai faɗa maka da bakinsa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa wanzamin gindin darbejiya a addu'a, yau ɗin nan.